Tabon Mai a Ɗakin Uwarki

Kpakungu, Minna

Zuwa ga 'yata Aishat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kuna lafiya a Bida, ƙafar autanki kuma ta warke. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Kin tuna shekarar da rana ta yi husufi, kaji suka koma akurki da hantsi, ana gama ƙidayar mutane. A shekarar muka binne uwarki, a cikinta kuma Kafayatu matar yayanki Abdullahi ta haifi Farida. Tun ranar sadakar arba'in na sa wa ɗakin uwarki kwaɗo, makullin bai bar aljihuna ba. To, yanzu wai shi ake so.

Kafayatu ce ta shiga gidan Maman Charity maƙwabciyarmu, ta ga an ware wa yarinya ɗaki an liƙa hotunan ɓeraye masu wando a bango, ta dawo da abin a ranta. Wai Farida ta shiga firamare, tana bukatar ɗakinta ita kaɗai. Ku da 'ya'yan ƙanena Nma a tabarma biyu kuka tashi, wanne ne a cikinku ya fito da ƙaho? Mu a wurinmu wanda ake ware wa ɗaki shi kaɗai, in ba mai ƙyanda ba ne, to mai takaba ce.

Ba ta iya tunkarata ba, sai ta turo mijin. Ya zo yana sosa ƙeya, wai ba wani abu za a kashe ba, ɗan fenti ne da labule. Kamar aljihunsa ne damuwata. Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin ɗakin, ya ce tsofaffin kwanoni da adaka. Mutumin da ya yi boko da ƙuli-ƙulin da aka murza a ɗakin nan, iyakar abin da ya gani ke nan.

Irimiya na reluwe ne yake rubuta mini wannan, na kuma hana shi gyara mini magana. Ban kira ki a waya ba, don wayar ta yayanki ce, in ina magana kunnen matarsa yana bakin ƙofa. Ki ja masa kunne. Yana jin nauyinki, ko da yake ke ce ƙarama.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Ndako

Kpakungu, Minna

Aishat,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Saƙonki ya iso ta hannun Kudu direba, tare da shinkafar. Shinkafar na karɓa. Takardar kuwa sai da na sa Irimiya ya sake karantawa, don na zaci idonsa ne ya lalace. Ashe ke ma kina ganin gara jikar uwarki ta kwana a ɗakin da a bar wa ɓeraye. Madalla. Na ajiye musu makullin a kan turmi.

Bari ki ji fadar da aka gina. Ban shiga ba, amma daga inda nake alwala ana ganin komai. Fentin ragowar gwangwani biyu ne da Charles mai fenti ya ba ta, ta haɗa, ta ƙara ruwa. Wai ruwan hoda ake nema. Abin da ya fito ya fi kama da hanjin kaza. Labulen zanen gado ne na gwanjo da aka raba biyu. An shimfiɗa leda mai zanen furanni a kan daɓen da uwarki ta buga da hannunta. An ɗora akwatunan katako biyu a kan juna, wai wurin littafi, alhali littattafan yarinyar ba su cika hannu ɗaya ba. Matashin kai an cusa shi da ƙyallayen tela. Akwai kuma wata dabbar auduga mai ido ɗaya, ban gane ko kare ba ne ko biri. Adakar uwarki an lulluɓe ta da zane, ta zama tebur.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne taurari. Matar nan ta wuni tana yanka ledar madara, tana juyo cikinta mai ƙyalli, tana liƙawa a silin da sitaci. Ga taurarin Allah a tsakar gida kyauta, ba mai tarewa, amma sai an kwanta a kalli na madara.

Sai dai akwai wanda ya fi ƙarfinsu. Kin san inda uwarki take zama a ƙasan taga, ta jingina bayanta tana matse tunkuza, in hannunta ya cika da mai ta shafa a bango ta gefen dama. Shekara da shekaru bangon yana shan man gyaɗa. Sun shafa fenti, da safe tabon ya fito. Sun sake, ya sake fitowa, har da sawun yatsunta. Sun ƙara na uku da kauri, ya leƙo kamar yana gaishe su. Na daɗe ban ci tuwo da daɗi kamar na ranar ba.

Daɗin bai daɗe ba. Kafayatu ta yi magana da Yona birkila, ranar Asabar zai zo ya sassaƙe wurin har cikin bulo, ya yaɓa sabon siminti. Na ji tana ce wa Maman Charity dauɗa ce take ɓata mata aiki.

Ban hana ba, tunda ni na ba da makulli. Amma ke zan faɗa wa. Hoton uwarki ɗaya ne a duniya, shi ma ruwan da ya shigo mana ya cinye fuskar. Tabon nan kaɗai ya rage da zan duba in san tsayinta a zaune.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki,
Ndako

Kpakungu, Minna

'Yata Aishat,

Ina yi muku sallama, ina fatan kun tashi lafiya, ke da mutanen gidanki. Ga yadda aka ƙare, don kada yayanki ya riga ni ya ba ki labarin a karkace.

Ranar Juma'a bayan na dawo daga masallaci amaryata Farida ta kama hannun rigata, wai sai angonta ya zo ya ga ɗakinta. Na ce mata ni ba na auren mace mai kwana da biri. Ta ja ni har bakin ƙofa, na toge a nan. Sai ta nuna tabon, ta tambaye ni wane ne ya yi dauɗar da mamanta take ta zagi.

Na yi niyyar in ba ta amsa a tsaye in wuce. Ban san lokacin da na tsinci kaina a zaune a kan ledar furannin nan ba. Na nuna mata inda kan kakarta yake tsayawa, da inda kafaɗarta take. Na gaya mata yadda ake soya gyaɗa, a kai inji, a dawo a yi ta murzawa da ruwan zafi har mai ya taso, da yadda matan unguwar Limawa suke zuwa da kwalabensu tun ba a gama ba. Na gaya mata takalmin farko da ubanta ya sa daga bangon nan ya fito. Ta ɗora yatsunta a kan sawun na kakarta, ba su kai rabi ba. Sai na tashi na fita.

Da safe Yona ya zo da guduma da kurfi. Ya tarar da yarinya zaune a ƙasan taga, ta manna bayanta a tabon, ta rungume birin nan. Uwar ta lallashe ta, ta yi mata tsawa, ta yi alkawarin biskit. Abin da ta ce kawai shi ne, “Nan wurin Kaka ne, ku fasa wani wurin.”

Abdullahi ya shiga zai ɗauke ta. Ya sunkuya, sai idonsa ya faɗa kan yatsun nan a bango. Ya miƙe ya fita, ya je ya tsaya a bakin rijiya ya daɗe, ba ruwa yake ja ba. Shekara shida yana wuce ƙofar ɗakin, sai da 'yar firamare ta nuna masa uwarsa.

Kafayatu ce ta sallami Yona. Kada ki ce tausayi ne. Ni na san siminti ta ji ta huta da saye. Da la'asar kuma sai ga ta da almakashi, ta yanka kwalin taliya, ta naɗe shi da ragowar labule, ta zagaye tabon da shi kamar yadda ake yi wa hoton manya. Ta ja katifar yarinyar zuwa ƙasansa. Daga baya ta aiko Farida ta tambaye ni, wai ko na san inda kujerar tsugunon Kaka ta shiga, don sun duba ba su gani ba. Yaushe za su gani? Tana ƙarƙashin gadona tun daren da zan ba da makulli.

Na leƙa aikin nata. A karkace yake, gefen hagu ya fi na dama tsawo, kuma damina na sauka kwalin zai jiƙe ya zube. Matar da ta tara 'ya'ya da man gyaɗa, a ce da kwalin taliya za a kewaye ta.

Ki gaida kowa, Allah Ya raya muku yara. Irimiya ya ce hannunsa ya gaji, ni ma na gama. Gobe in Allah Ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan fito da kujerar, in goge ta da mai, in ajiye ta a inda take zama. Daga nan in wuce Barkin Sale wurin kafinta ya yanko mini katako huɗu na kirki, in zo in cire kwalin nan da hannuna.

Mahaifinki,
Ndako