Rumfa Ɗaya, Takarda Biyu

Sabo, Ibadan

Yaya Jamil,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya aiki? Direba na ba wasiƙar nan, tunda wayarka ta daina gane lambata.

Manhajar da ka yi wa ƙungiyar 'yan albasa don rabon rumfuna a kasuwar Akinyele ta ba Baba rumfa ta goma sha bakwai. Ya kwashi buhunansa ya je, sai ya tarar da Alhaji Babandi a ciki, shi ma riƙe da takarda mai wannan lamba. Aka duba kwamfuta, sunan Babandi kaɗai ya fito. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, sakataren ƙungiya ya ce takardar Baba jabu ce.

Baba Mijinyawa fa, ƙanin mahaifinka, wanda shekara talatin shi ake kira raba gardama a Sabo. Yanzu in ya yi sallama, ciki-ciki ake amsa masa. Kai ka haɗa abin nan, abi? To ka duba.

Ƙanwarka,
Safiyatu

Legas

Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baffa da mutanen gida. Ki yi haƙuri da shirun nan, mako uku na yi ina neman matsalar. Na gwada ya fi sau dubu, komai lafiya lau. Jiya na kama ta.

Kwamfuta biyu ke rabon, ɗaya a ofishin Sabo, ɗaya a Akinyele. Kowacce sai ta duba ko rumfa babu mai ita, ta rubuta suna, sannan ta sanar da 'yar'uwarta. Da muka yi gwaji, ɗaya bayan ɗaya muka yi, kamar masu bin layi. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa ma'aikatan biyu lokaci guda suke rufe ofis su tafi Azahar, lokaci guda kuma suke dawowa. Ran nan sun danna cikin daƙiƙa ɗaya. Kowace kwamfuta ta ga rumfar babu kowa, kowacce ta fitar da takarda. Da suka haɗa bayanansu, sunan Babandi ya hau kan na Baffa ya shafe shi.

Takardar Baffa ta gaskiya ce. Laifin nawa ne.

Na gyara: yanzu sai ɗaya ta kulle rumfa kafin ta rubuta, ɗayar ta jira. Amma Oga ya ce ranar da maganar nan ta fita, ni ma na fita daga kamfanin. Kin san matata Sakinat ta kusa haihuwa. Don Allah ki faɗa wa Baffa shi kaɗai.

Yayanki,
Jamil

Sabo, Ibadan

Yaya Jamil,

Salam. Barka da gyara. Ashe kwamfuta ake gyarawa, mutum kuwa oho.

Na karanta wa Baba wasiƙarka sau biyu. Na ɗauki mayafina, na ce wallahi yau sai liman ya karanta ta bayan La'asar. Baba ya ce in miƙo masa. Ya ninke ta, ya jefa a murhun da nake suyar awara, ya tsaya har ta cinye. Ya ce ba shi zai raba ɗan yayansa da abincinsa ba.

Shi ke nan, Sabo za ta ci gaba da kiransa mai takardar jabu.

Ya ce a gaishe ka. Gaisuwar tasa ce, ni ban sa tawa ba.

Safiyatu