Na Sauya wa Kawu Ƙarshen Littattafai Biyar

Anti, ki taimake ni, tsokanata ta ɗebo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni karatun allo kawai na yi. Kawuna, tsohon mai gyaran agogo, shi ya koya mini baƙaƙen boko da littattafan binciken kisa. Yanzu idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa bayan la'asar a shagonsa, yana kan kujerarsa wadda aka tokare ƙafarta ɗaya da bulo. Ra'ayinsa shi ne marubucin kirki dole ya baje wa mai karatu duk alamu, in ya ɓoye ko ɗaya, macuci ne. Kafin mu kai rabi sai ya bugi tebur ya faɗi mai laifin. Bai taɓa kuskure ba. Ni kuwa kullum dariya yake yi mini, wai kaina agogo ne marar batir.

Rannan ya ce direba ne, kuma direban ne. Da na zo shafin ƙarshe sai shaiɗan ya raya mini, na kafa ido a takarda na shirya nawa ƙarshen, na ɗora wa mai dafa abinci laifin, har da kukan nadama. Kawu ya yi ta zagin marubucin, ni kuwa na fita bayan shago na yi dariya har da riƙe ciki. Na sake, na sake, har littafi biyar.

A na huɗu bai zagi kowa ba. A na biyar ya ce ashe ba ido kaɗai ya tafi ba, har da kai. Ya miƙa wa ɗansa makullin shago, yau kwana goma sha biyu bai fito ba. Matarsa ta ce ko rediyo ba ya kunnawa.

Abokaina da muke hayar littattafai tare sun rabu biyu. Mai aski ya ce ai daɗin littafin bincike ya kayar da kai, gata na yi masa. Mai wanki ya ce in shi aka yi wa haka, zumunci ya yanke har abada. Ni dai na rantse sai na dawo da Kawu kan kujerarsa. Dabarata ita ce in koma karanta masa, duk wanda ya nuna in ce shi ne, ba sai na tona kaina ba. Ya kika gani?

Mai Tsokana

Ɗana Mai Tsokana,

Ban ɗauke ka mugu ba. Matashin da ke zama kullum yana yi wa dattijo karatu yana da alheri, kuma wasa tsakaninku ba sabon abu ba ne. Amma mai aski bai yi daidai ba. Marubuci yana kayar da mai karatu ne da alamun da ke gabansa, kai kuwa ka kayar da mutumin da ya ba ka amanar idonsa.

Dabararka ƙarya ce ta shida. Mutum mai kaifin kawunka zai gane ana lallashinsa, kuma hakan zai fi yi masa ciwo.

Ka nemo littattafan nan biyar, ka je gidansa gobe. Kada ka fara da dogon ban haƙuri, ka fara da labarin da yake buƙata: duk biyar ɗin ya canka daidai. Ka bar ɗansa ya karanta shafukan ƙarshe, domin bakinka ba shaida ba ne yanzu. Zai yi fushi, wataƙila ya kore ka. Ka jure, ka dawo washegari. Gara ya yi fushi da kai da ya ci gaba da zargin hankalinsa.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya ƙara wa Kawu lafiya.