Jan Biro a Kan Aya

Anti Dije, don Allah ki taimaka mini kafin kaina ya fashe. Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren gwamnati ta 'yan mata a wajen Kawo, shekarata goma sha huɗu ina wannan aiki, ban taɓa shan takaici irin na bana ba.

A manhajarmu akwai darasin yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali cikin dogon zamani, wanda yara suka laƙaba wa suna darasin biri. Ba ni na rubuta manhajar ba, amma duk shekara ni ke shan harara. A jarrabawar gwaji na yi tambaya a kansa. Harira, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina, mai burin zama nas, sai ta cika shafi da labarin halittar Annabi Adamu, har da aya da Larabci. Ni kuwa takarda ɗari da tamanin ce a gabana, ga zafi, ga babu wuta. Yadda na saba, duk amsar da ta kauce sai in ja mata dogon layi da jan biro daga sama har ƙasa, in sa sifili. Wallahi ban lura layin ya bi ta kan ayar ba.

Mahaifinta, Malam Sabo, direba ne a tashar Kawo. Ba ya karanta Turanci, amma ya sauke Alƙur'ani. Abin da ya gani kawai shi ne an soke aya an ba ta sifili. Ya zagaya tasha da takardar, yanzu har a unguwar Rafin Guza ana cewa wai na ce kakanmu biri ne. Ni da ban taɓa barin sallar walaha ba! Shugabar makaranta kuma, maimakon ta tsaya mini, cewa ta yi in riƙa tsallake darasin kamar yadda sauran malamai ke yi. To idan ya fito a jarrabawar fita, ita za ta shiga ta rubuta musu?

Abin da ya fi ci mini rai, ya hana Harira zuwa makaranta, mako biyu ke nan, ga jarrabawar saura mako shida. Ya ce sai na ba shi haƙuri. Haƙurin me? Amsar ba daidai ba ce, ko yau aka sake kawo mini ita sifili zan ba ta. Na gaji, Anti. In durƙusa a kan laifin da ban yi ba, ko in zuba ido yarinyar ta rasa jarrabawa?

Malama Mai Takaici, Kawo

AMSA

Malama, na ji takaicinki, kuma kina da gaskiya a wuri biyu. Sifilin daidai ne, domin abin da littafin kimiyya ya ce aka tambaya. Tsallake darasin kuma cutar yara ne, kada ki yarda.

Amma kin haɗa abu biyu kin ƙulle wuri guda. Malam Sabo bai yi fushi da sifili don kansa ba, layin da ya ratsa aya ne ya tayar masa da hankali. Ke ma da kin tsinci takardar a hanya ba ki san labarinta ba, gabanki zai faɗi. Wannan kuskurenki ne, ko da ba da gangan ba, kuma shi kaɗai za ki nemi afuwa a kansa. Shi ma ya yi garaje da ya kai maganar tasha kafin ya tambaye ki, sai dai ba yanzu ne lokacin wannan shari'ar ba.

Ki je gidansa, ba tasha ba, tare da maigidanki ko malamin Islamiyyar da yake ganin girmansa. Ki faɗi yadda aka yi ba kwana-kwana. Ki nuna masa cewa sanin abin da masana suka ce ba shi ne barin imani ba, kamar yadda shi ya san hanyar garuruwan da bai taɓa zama a cikinsu ba.

A aji kuma, ki gaya wa yara tun farko cewa su buɗe amsarsu da "masana kimiyya sun ce", kuma kada su rubuta aya a takardar jarrabawa, domin ba su san hannun da za ta faɗa ba. Ki kuma gyara musu fahimta: darasin bai ce biri ne ya haifi mutum ba.

Kada ki wuce gobe. Ke kina da aikinki, shi yana da motarsa. Duk safiyar da kuka ɓata kuna jiran wanda zai fara sunkuyawa, Harira ce kaɗai ke asara. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba ta sa'a.

Anti Dije