Buhu Mai Lamba Bakwai

Ƙofar Ran, Bauchi
Talata, 2 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Abdulmuhaimin da yara. Inna tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi. Na ba Malam Jalo direba wannan takarda, tunda shi yake ɗauko mana gyaɗa daga Zungur. Ki karanta ke kaɗai.

Yaya, akwai abin da nake yi sati uku ke nan, ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Ina rubuta ƙarya a littafin kamfani.

Kin san aikinmu a kamfanin man gyaɗan nan na Fadaman Mada tsinta ne, mu cire ruɓaɓɓiya kafin a kai inji. Watan jiya aka kawo wata mata, Madam Paulina, aka ce aikinta gyara yadda ake aiki. Ranar farko ta zauna tana kallon hannuwanmu har azahar. Washegari ta ce gyaɗa mai fumfuna tana ɓata mai, kuma tana taɓa hantar wanda ya ci. Ta ce ita ba mai laifi take nema ba, ƙofar da laifin yake shigowa take nema.

Yanzu kowane manomi an ba shi lamba, ana rubuta ta a jikin buhunsa maimakon suna. Kowace lamba da robarta. Abin da aka tsince daga buhu sai a zuba a robar lambarsa, a ɗora a sikeli, a rubuta a littafi. Da aka tambayi wa ya iya rubutu ban ɗaga hannu ba. Iya Aishatu, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ita ta nuna ni, ta ce, "Ga bebiyarmu nan, ta gama firamare. Tunda bakin ba ya aiki, a ba hannun."

Ba a gaya mana mai kowace lamba ba, amma na gane bakwai. Ke kaɗai kike ɗinke bakin buhu ki dawo da basilla baya sau biyu, ki bar zaren da tsawo, yadda marigayi Baba yake yi.

Robar bakwai ita take fara cika. Idan aka buɗe buhun ma wani wari yake yi, kamar ɗakin da aka rufe da damina. Madam ta ce duk lambar da ta haura jan layi a allo sati huɗu a jere, za a daina karɓar gyaɗarta. Shi ya sa idan mata suka tafi alwala nake ɗibar hannu biyu ko uku daga bakwai in zuba a huɗu. Ban san mai huɗu ba. Robarsa ce kusa da hannuna, kuma kusan kullum babu komai a cikinta.

Ba don ki gode mini na rubuto ba. Ina so in san me yake samun gyaɗarku.

Ki gaishe da Malam da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Juwairiyya


Zungur
Asabar, 6 ga Disamba

Zuwa ga Juwairiyya sarkin shiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai sanyi da ya fara. Ki ce wa Inna ta daina wankin nan a tsaye, ƙafa ba ta son haka.

Ashe bebiyar gidanmu ta iya aika-aika da rana tsaka! A bayan rumbu na karanta takardarki ina dariya, sai da na kai tsakiya dariyar ta tsaya. Ke da ko cingam ba ki taɓa ɗauka ba sai an ce ɗauki.

Kin tambayi me yake samun gyaɗarmu. Kamfaninku ne yake samunta. Bara suka ce ba sa son fasasshiya, suka dawo mana da buhu biyu. Injin ɓarar gyaɗa na garin nan kuwa, idan aka zuba masa busasshiya rabi yake farfasawa. To sai a yayyafa mata ruwa tun tana cikin ɓawo, a rufe ta, washegari a kai inji ta fito sumul babu ko tsaga. Daga nan sai buhu, don Jalo ba ya jiran kowa, yana tsayawa yake danna hon kamar an biyo shi. Ba mu kaɗai muke yi ba, sai dai Malam hannunsa ya fi na kowa nauyi wajen ruwan. Na ce masa a ƙara shanyawa bayan inji, ya ce, "A ina? Tabarma nawa gare mu? Kajin kuma ke za ki zauna kora ko ni?"

Yanzu ki ji. Gyaɗar bana za ta ƙare kafin ƙarshen Janairu. Ki daure ki ci gaba zuwa lokacin. Idan kamfani ya bar mu sai kasuwa, kuma kin san yadda ake kallon kayan da aka ce an koro. Baɗi zan san yadda zan yi da Malam.

Amma ke ma da wauta! Ki riƙa rarrabawa mana. Kaɗan a wannan roba, kaɗan a waccan. Ya za ki tara wa mutum ɗaya?

Na ba Jalo ƙullin kuka da daddawa, na Inna ne, kada ki ce na manta da ke, akwai yakuwa a ƙasa. Allah ya yi miki albarka.

Yayarki,
Halimatussa'adiyya


Ƙofar Ran, Bauchi
Talata, 16 ga Disamba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Saƙo ya iso, Inna ta gode. Ta ce daddawar ta fi ta bara.

Na rarraba yadda kika ce. Satin da ya wuce na zuba kaɗan a biyu, kaɗan a tara, kaɗan a sha ɗaya. Amma takardarki ta zo bayan an rufe sati na huɗu.

Ranar Juma'a Madam ta tara mu gaban allo kamar kullum. Ta fara da abin da ya gyaru. Ta sa an matso da buhuna kusa da tebur, mun daina jan su daga bakin ƙofa. Ta sa kafinta ya ƙara wa bencinmu tsawo, bayana ya daina ciwo. Da muna kai magariba, yanzu kafin la'asar mun gama. Ta ɗaga kwalba biyu, man da da man yanzu, kowa ya ga na yanzu ya fi haske. Mata suka yi tafi.

Sannan ta nuna huɗu. Ta ce ya haura jan layi sati huɗu, kuma masu kamfani sun sa hannu a daina karɓar gyaɗarsa.

Akwai buhunan huɗu guda uku da suka zo ba a buɗe ba. Ta sa aka kwance ɗaya, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo, ta sansana, ta ciji ɗaya ta yi ƙas. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ta ce, "Wannan gyaɗa yana da kyau a ido. Amma littafi ya ce ba shi da kyau. Hannu ɗaya na ɗiba, littafi kuma buhu duka ya gani. Zan bi littafi."

Sai ta juyo wurina. Hausarta ba ta nuna ba, har yanzu "kai" take ce mini. Ta ce, "Juwairiyya, kai ne idona a nan. Rubutunka babu gogewa ko ɗaya." Ta ba ni farar hula da sabon biro a gaban kowa. Iya Aishatu ta rangaɗa guɗa, ta ce, "An naɗa bebiya! Ranki ya daɗe, Sarauniyar Roba, a tuna da mu talakawa." Aka yi dariya. Na sa hular.

Buhunan uku suna cikin motar Malam Jalo yau, tare da wannan takarda. Na tambaye shi na wa ne, ya ce Madam ta hana shi faɗa, kuma shi yana son aikinsa.

Yaya, za ki ga ƙofar da zai sauke su. Wane ne huɗu?

Ki gaishe da kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Juwairiyya


Zungur
Asabar, 20 ga Disamba

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaishe da Inna.

Baba Sabitu ne. Kin san shi, tsohon nan na bayan masallaci da yake ba ku gyaɗa dafaffiya idan kun zo hutu. Shi ko injin ba ya kaiwa. Shi da matarsa Goggo Amatullah suke ɓarewa da hannu, su shanya a kan dutse har sai ta yi ƙara a cikin ƙwarya. A garin nan idan ana neman iri, wurinsa ake zuwa.

Jalo ya sauke buhunan a ƙofar gidansa, mutane suna fitowa daga sallar la'asar. Wani ya ce, "Baba, yau kuma kamfani ne ya yi maka kyauta?" Jalo ya ce ba kyauta ba ce, fumfuna aka ce. Malam da kansa ya shigo gida yana cewa, "Ikon Allah, wai Baba Sabitu da fumfuna! To mu ina muka tsaya?" Na ce masa tuwo yana hucewa.

Kwana uku ke nan shi da Goggo suna kan dutse. Sun zazzage buhunan duka, suna bi ɗaya bayan ɗaya. Jiya na kai musu kunu. Goggo ta nuna mini abin da suka samu, bai cika murfin kwano ba. Ita faɗa take yi, ta ce a kai ta gaban matar nan ta nuna mata ruɓar da idonta. Shi kuwa cewa ya yi, "Bar su, Amatullah. Masu sikeli sun fi ni gani. Idon ne ya tsufa ban sani ba." Ya ce baɗi dawa kawai zai shuka. Na ajiye kunun na taho, ban jira kwanon ba.

Kada ki ɗauka ban ji ba. Na ji. Amma ki saurare ni da kyau, ni ce babba. Abin da ya faru ya faru, ki yi shiru. Idan kika buɗe baki za su kore ki, Inna kuma da wa za ta dogara? Mu ma za su bar mu. Wannan duk mai sauƙi ne. Garin nan cewa za a yi mu muka shirya, mun dasa ƙanwata a kamfani don ta kayar da Baba Sabitu. Babu wanda zai yarda robarsa ce kawai kusa da hannunki. Malam bai san komai ba, kuma ban san fuskar da zai yi mini ba idan ya sani. Ke kina Bauchi. Ni ce zan je rijiya da matan garin nan kowace safiya.

Na sa Malam ya rage ruwan wannan karon, da ƙyar. Zan riƙa kai wa su Goggo abin da ya samu. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Takardunki biyu na sa su a murhu. Kada ki sake rubuto maganar nan. Ki rubuto mini labarin Inna da na unguwa, kamar kowace ƙanwa.

Allah ya rufa mana asiri gaba ɗaya.

Yayarki,
Halimatussa'adiyya


Ƙofar Ran, Bauchi
Talata, 23 ga Disamba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Inna lafiya, jiya ta taka har bakin titi. An haihu a gidan Malam Umar mai shayi, mace, suna ranar Lahadi.

Kin ce kada in sake rubuto maganar. Wannan ce ta ƙarshe.

Buhunanku sun zo da safe. An rage ruwan, amma robar ta kusa cika. Na ɗora a sikeli na rubuta abin da ya nuna.

Gobe da rana Madam za ta tafi garinsu Kirsimeti, sai bayan sati biyu. Kafin ta tafi za ta duba littafi. Na rubuta mata takarda na sa a shafin yau. Na faɗi abin da na yi, da ranar da na fara, da cewa gyaɗar huɗu ba ta taɓa haura layi ba. Na rubuta cewa babu wanda ya sa ni na fara. Na rubuta maganar injin da ruwan da fasasshiyar da aka dawo da ita bara, ko za ta ga ƙofar da take nema. Ban sa sunanki ba, amma ta san mai bakwai.

Ban san me za ta yi ba. Inna zan gaya wa bayan la'asar.

Kina da yau da gobe. Gara Malam ya ji daga bakinki.

Idan ba ki amsa ba, zan gane. Ki gaishe da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Juwairiyya