Kwalin da Ya Ɓace Daga Akwatina

Nampula, ran Talata

Ƙanwata Atija,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya mijinki Ussene da kamun kifi, ya ƙafar Kaka Ancha? Jiya Inna ta yi min albishir kina da ciki. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, amma ina buɗe akwatina gabana ya faɗi.

Kwali ɗaya na maganin ƙurajen fuskata ba ya nan. Ke kaɗai kika kwana ɗakina zuwan da kika yi kwanan baya, kuma ban manta mitar da kika yi ba, wai kin gaji da niƙa itacen musiro kina shafe fuska fari fat kamar fatalwa, ƙurajen ko gezau. Ba faɗa nake ba, tun muna yara ɗankwalina naki ne. Amma wannan ba ɗankwali ba ne. Kafin likitar fata ta ba ni sai da ta yi min gwajin ciki, kuma duk wata ake sakewa, don maganin yana nakasa ɗa tun a ciki. Don Allah kar ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya. In kin riga kin sha, ki daina, ki tafi asibiti da kwalin.

Wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar tsibirinmu wannan takarda. Ban gaya wa Inna ba, kin san hawan jininta.

Yayarki, Muanacha

Ran Juma'a

Atija,

Ina fata kuna lafiya. Direba ya rantse a hannunki ya sa, to shirun na mene ne? Tsoro nake ji wallahi. In na duba madubi haushin sumul ɗin fuskar nan nake ji. Ko kalma ɗaya ce ki aiko.

Muanacha

Ran Lahadi

Ƙanwata ɓarauniya,

Na gaishe ku duka. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye a bakin tasha. Ashe ranar da kika koma Kaka ta zazzage jakarki, yadda take yi wa duk wanda ya dawo daga birni. Ta ga hoton mai ciki an ja masa jan layi a bayan kwalin, ta ce maganin hana haihuwa ne, ta wurga shi a masai ko buɗewa ba ki yi ba. Alhamdu lillahi! Dariya nake, hawaye na zuba.

Kin ce ta yi fushi da ni, wai na zama 'yar birni ina toshe wa ƙanwata haihuwa, kar in sake taka mata gida. Kar ki wanke ni tukuna. Bar ta ta zage ni son ranta, ta ci gaba da niƙa miki musiro. Ran suna zan zo in durƙusa, in sumbaci hannun da ya yi wurgin.

Ki shafa min cikin.

Yayarki, Muanacha