Naman Layya a Aljihun Firji

Zuwa ga ɗana Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya zaman Ikko? Mu nan Batsari sai godiyar Allah.

To, firjin nan da ka aiko, mai aljihun ƙanƙara a ƙasa, ya gwada mana halinshi. Ranar Sallah na ce a soya naman layya a adana shi cikin manshi, yadda mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, take yi har ya kai cika-ciki. Matar ƙanenka ta ce, "Haba Baba, ai an daina wannan wahalar." Ta cusa rabin rago a aljihun, ta danna da gwiwa. Da yamma aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba har aka gama yawon Sallah.

Lawal, da na durƙusa na jawo aljihun nan, sai da na yi amai. Nama ya yi kore, ruwan jini ya malale ɗaki, ƙudaje kamar mahauta. Har da cinyar da na ware wa gwaggonka ta Babban Duhu. Tunda na fara yanka ban taɓa fasa kai mata ba. Bana ga shi ta aiko tana tambaya ko ta yi mani laifi ne.

Wai in ka sayo sola zai gyaru. Kada ka soma. Na sa an wanke shi da toka, na zuba irin gero a ciki, ɓera dai ba ya shiga.

Ka kira gwaggonka ka yi mata bayani da bakinka, tunda kayanka ne. Ka gaida yara, ku sa mu a addu'a. Allah ya zaunar da mu lafiya.

Ni ne mahaifinka.