Turancin Maigidana Zai Kori Inna Daga Gidan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, domin a Funtua ko tari ka yi sai an gane na wane gida ne. Don Allah ku ba ni shawara, tura ta kai bango.

Maigidana dillalin masara ne, yana haɗa wa kamfanonin abincin kaji kaya daga Bakori da Tsiga. Bara wani ɗan kamfani ya zuba masa Turanci a gaban yaran shagonsa, ya kasa mayarwa, aka yi masa dariya. Shi ke nan fa, ya ɗauko malamin lesin, wani siririn yaro mai ɗamammen wando da ko gaisuwar kirki bai iya ba, kullum bayan la'asar suna zaure. Karatun nasu kashi uku ne, kalmomin girki, na kasuwanci, da na kyawawan ɗabi'u. Ni ban ce kada ya koya ba, ai gemu ba ya hana ilimi. Amma a ce ƙato da furfura ya faɗo mini madafi yana nuna ludayi da muciya yana kiran sunayensu kamar mai iskokai? Rannan ina tuƙi ya tsaya a kaina, wai in faɗi abin da nake yi da Turanci, na jiya da na yau da na gobe. Na ce masa jiya tuwo, yau tuwo, gobe ma in bai canja cefane ba tuwon ne.

Da a nan abin ya tsaya da na sha dariyata na yi shiru. Sai wannan malamin na jeka-na-yi-ka ya ce masa wai Turanci ba ya zama a baki sai an daina jin Hausa a gida. Mutumin naku ya kafa doka, yaranmu uku ba mai yin Hausa daga dawowa makaranta har barci, wanda ya yi a cire masa nama a miya. Shi da kansa yake zama rabon naman yana hura hanci kamar alƙali. Amma bari wayarsa ta yi ƙara a kan farashin buhu, Hausa za ku ji tsantsa har da ashar.

To ga inda matsalar take. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu, mun ɗauko ta daga Ƙarfi bayan rasuwar Baba. Dokar ba ta hau kanta ba, bai ma isa ba, amma ta hau kan jikokinta, kuma su ne duk abin da ya rage mata na hira. Da can ƙaramin ne angonta, kullum suna faɗan wasa a kan ya hana ta kuɗin cefane. Babbar kuwa, mai sunanta da muke kira Ummi, a ɗakinta take wuni, ita ta koya mata kaɗa kuka da dama fura, tana ba ta labarin kakanta bafatake da ya riƙa zuwa Gwanja sayen goro da jakuna tun Bature bai tako ƙasar nan ba. Yanzu in Inna ta kira su sai su dubi ƙofar zaure tukuna, su gyaɗa mata kai kamar ƙadangaru. Wata rana Ummi ta manta ta ce na'am Inna, ƙanenta ya kai rahoto, aka cire mata nama. Inna ta ɗauki nata ta sa a kwanon yarinyar. Tun ranar ta daina kiransu, don kada ta jawo musu.

Na yi masa magana, ya ce ni baƙauya ce, ina baƙin ciki da ci gaban yara, kuma ai Inna ba ta yi ƙorafi ba. Jama'a ku ji mini rashin tunani! Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, ido ma ba ta haɗawa da shi, ta yaya za ta kai masa ƙara? Shi ya fi kowa sanin haka. Abin da ya fi ƙona mini rai, a yammacin nan ina jin shi a zaure yana bin malaminsa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Na tambayi Ummi me yake cewa, ta raɗa mini wai mutumin kirki yana girmama iyayensa, ya girmama, zai girmama. Wallahi ban taɓa jin mutum ya zube a idona kamar ranar ba.

Satin da ya wuce Inna ta ce mini da an gama girbi za ta koma Ƙarfi, wai tana kewar gida. Wane gida? Ɗaki ne mai yoyo, ba kowa sai wata tsohuwa irinta, ga hawan jini da sai na tsaya a kanta take shan magani. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa masa dalili ba, ta ce kada a hana yara karatu saboda ita.

Jiya kuma ta kira ni ɗaki, ta rage murya, ta ce 'yar nan, yaya ake cewa zo ki ci abinci da yaren nasu? Na faɗa mata yadda na tsinta a bakin yaran. Ta yi ta maimaitawa da bakin nan nata da ba haƙora har ta riƙe, ta leƙa ta kira Ummi da shi. Yarinya ta sheƙo da gudu ta rungume ta, ta yi ta zuba mata Turanci don murna, Inna tana murmushi tana gyaɗa kai, ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Yanzu ya zan yi? In karya alkawarin Inna in faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa uwarsa yake kora? Ko in kai maganar wurin baffansa, alhali na san zai ce na tona masa asiri, ƙila auren ma ya girgiza? Ko in bi alkawari in zuba ido? Ku taimaka ku amsa da wuri, an fara karyar masara a gonaki, kuma yau da safe na tarar Inna ta fara ɗaure kwanukanta a zani.